Kyamarar fim da ba ta son batir: ina ƙarkonta yake, ina rauninta?

Tambaya: Malam, na gaji kyamara ƙirar Zorki 4 daga mahaifina. An ce irin waɗannan ba sa mutuwa. Gaskiya ne? Daga Jekadafari, Gombe.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba. Da gaskiya a maganar, amma ba duka ba. Taka tana cikin kyamarori masu auna tazara: ka leƙa taga ka ga hoto biyu, ka juya gilashin gaba har su haɗu, to an daidaita. Cikinta sifirin ne da giya, babu batir, babu allon lantarkin da zai ƙone a rasa madadinsa. Shi ya sa Leica M3 da ta fito a 1954 har yau ake aiki da ita. Ƙarkonsu shi ne suna gyaruwa, amma lalacewa kam suna yi.

Abin da ke fara gazawa shi ne mai. Idan ya shekara talatin ko arba'in sai ya daskare, ƙurar hunturu ta shiga ta ƙara masa kauri. Ka sa saurin labulen da ke buɗewa haske ya shiga a daƙiƙa 1 ka latsa: ya kamata ka ji ƙara mai tafiya sumul har ta tsaya. In ta yi ta sarƙewa, kyamara na buƙatar a warware ta, a wanke, a sa sabon mai. Don Allah kada ka ɗiga mata man keken ɗinki ko ka fesa WD-40, zai malala ya ɓata labule da gilashi.

Ga kashedi na musamman kan Zorki da 'yar'uwarta FED: sai ka ja fim tukuna kafin ka canza sauri. In ka yi akasin haka, kana iya karya ƙarfen da ke riƙe saurin.

Sai rana. Labulen da ke buɗewa haske ya shiga, a taka da Leica, na yadi ne mai rufin roba. In ka bar gilashi a buɗe yana kallon rana, zai tattara hasken wuri guda ya huda labulen cikin ɗan lokaci, kuma ranar Maris da Afrilu a nan ba ta wasa. Murfi ya zauna a kai kullum. Canon P ta 1959 labulenta na ƙarfe ne, ba ta da wannan matsala, sai dai yakan yamutse.

Tambaya: Hotunana suna fita dishi-dishi, alhali na haɗa hotuna biyun daidai. Kullum ina yawo da ita a kan mashin. Daga Pantami.

Amsa: Ranka ya daɗe, ka riga ka faɗi mai laifin. A cikin kyamara akwai ɗan hannu da ke bin bayan gilashi yana motsa madubi, kuma jijjiga ko faɗuwa na gusar da shi. Gwajin ba wuya: juya gilashi zuwa ƙarshen nesa, ka saita kan wata da dare ko turken sabis mai nisa. In hotunan ba su haɗu gefe da gefe ba, ma'aunin ya goce, kuma shi ke ɓata maka hoto. In ɗaya ya ɗan ɗara sama ne kawai, ido zai gaji amma tazara na nan daidai. Gyaran juya ɗan sukuru ne, sai dai a bar wa wanda ya saba. Ka riƙa rataya ta a jikinka cikin jaka mai soso, ba a akwatin mashin ba.

Tambaya: Malam, wacce zan saya tsakanin Canonet QL17 da Yashica Electro 35? Daga wata 'yar'uwa a Tudun Wada.

Amsa: Hajiya, Canonet. Tana ɗaukar hoto ko ba batir in kin saita da hannu, ita kuwa Yashica saurinta na lantarki ne. Batirin Canonet na asali mai zaiba ne, 1.35V, an daina yinsa, kuma na 1.5V yana sa ma'aunin haske ya yi kuskure. Ki buɗe baya ki duba sosan bakin ƙofa, yawanci ya narke ya zama danƙo, sai an canza. Ki haska gilashi da tocila, in kin ga zare-zare kamar yanar gizo, fumfuna ce, ki bar ta. Da damina ki ajiye ta a roba mai murfi tare da ƙwayoyin silika masu shan danshi, ki riƙa latsa ta a kowane sauri sau ɗaya a wata.