Jikokina suna jin Hausa, amma da Faransanci suke amsawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana yana zaune a Faransa da matarsa, ita ma ƴar Damagaram ce. Jikokina biyu, mai shekara 7 da mai 4, in na yi musu magana a waya suna ganewa, amma da Faransanci suke amsa mini. Yaya za mu yi? Daga wata kaka, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tunda suna ganewa, Hausar tana nan, baki ne bai saba ba. A Faransa, tun 2019 doka ta wajabta karatu daga shekara 3. Yaro ya wuni a lakwal cikin Faransanci, ya dawo gida da shi, babban ya koya wa ƙaramin, wasansu duk ya koma can. In ya roƙi ruwa da Faransanci aka miƙo masa nan take, ya gane ke nan ba ya bukatar Hausa.

Babban aikin na iyayensu ne. Su fara tsayar da Hausa a lokuta biyu, cin abinci da kwanciya. In yaro ya yi roƙo da Faransanci, uwar ta ce, "Ruwa kake so? Ce ruwa," ta ɗan jira, sannan ta ba shi. Ban da faɗa, ban da hana shi.

Naki rabon kuma, Hajiya, ki rage tambayar "kana lafiya?", don amsarta kalma ɗaya ce. In kun yi kiran bidiyo a WhatsApp, ki juya wayar su ga turmi da taɓarya, su ga akuya tana cin dusa, ki tambaya, "Mece ce wannan? Me take yi?" Ki riƙa aika musu tatsuniya da muryarki, ta minti biyar, sau uku a mako. Ki ce "ga ta nan, ga ta nanku," ki yi shiru har su amsa "ta zo mu ji ta."

Za ki ji sun ce "kafa" a maimakon "ƙafa", ko "bata" a wurin "ɓata", domin Faransanci ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Za su kuma haɗa "ka" da "ki". Ki maimaita daidai, ki wuce. Dariya ce ke rufe bakin yaro. In ya zo Zinder ƴan uwa suka fara tsokanarsa da "Bature", zai iya yin shiru har ya koma Faransa.

Babban hutunsu yana faɗawa Yuli da Agusta. In sun zo, a sake su cikin yaran gida, a aike su sayen ƙosai. A ja kunnen ƴan lakwal na gidan kada su mai da su abokan gwada Faransanci, domin a nan ne hutu da yawa ke tashi a banza. Lokacin damina ne kuma, don haka iyayen su ga likita kan rigakafin zazzaɓin cizon sauro kafin tasowa, ke kuma ki tanadi gidan sauro.