Yaron da ya daina magana a aji

Malama, kin ce ɗalibinki ɗan aji huɗu ya koma shiru, ba wasa ba rubutu, kina tambayar abin yi. Ki ajiye bulala tukuna. In an tashi tara ki ja shi gefe, ki tambaye shi ko ya karya, kuma wurin wa yake kwana.

Na koyar a firamare a Tudun Jukun da ke Zariya, kuma wallahi sau da yawa yunwa ce, ko talla har dare, ko an saki uwarsa. In abin ya haura mako biyu, ki samu iyayensa su kai shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya. In kuwa yana zancen mutuwa, a tafi ranar, kada a tsaya ga tofi kaɗai.