Tambaya da Amsa: Zauren da Ba Shi da Ƙyaure

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, shekarata 11 ina sayar da kayan gwari a kasuwar Mile 12. Lokacin zaɓen 2023 na tura saƙon murya a zauren WhatsApp na 'yan garinmu mazauna Legas, inda na soki wani ɗan takara, cikin zafin rai kuma na haɗa da maganar da bai kamata ba a kan mutanen yankinsa. Ba a yi kwana biyu ba saƙon ya fita daga zauren, an liƙa masa hotona da lambar wayata. Baƙin lambobi suka yi ta kirana da zagi, wani har ya faɗa mini layin da rumfata take. Ƙura ta lafa, amma ni ban dawo daidai ba. Yanzu da aka fara kaɗa gangar 2027, gabana yana faɗuwa duk lokacin da waya ta yi ƙara, kuma sai biyun dare ta wuce ina bin sharhin mutane a Facebook. Shin doka za ta bi mini haƙƙina? Kuma wannan hali da nake ciki ciwo ne ko raunin imani?
Daga wani mai karatu a Ketu.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya yaye maka. Zan fara da sunan da muka laƙaba wa abin, domin ina ganin a nan ne muka yaudari kanmu. Mun kira shi zaure, alhali zauren gidan Bahaushe yana da ƙa'ida: baƙo yakan tsaya a waje ya yi sallama, maigida ya san wanda ke zaune a kan tabarmarsa, maganar da aka yi kuma iska ce ke tafiya da ita. Zauren WhatsApp yana iya ɗaukar mutum 1,024, kowane ɗaya daga cikinsu yana riƙe da muryarka a aljihunsa, kuma taɓawa biyu ta ishe shi ya aika ta inda ya ga dama. Gaskiya ne kamfanin yana kulle saƙo ta yadda wanda ke tsakani ba zai iya saurara ba, sai dai wannan kulli yana ƙarewa ne a daidai lokacin da saƙon ya sauka a wayar wanda aka tura wa. Wanda ya fitar da maganarka ya ci amanar majalisa, babu shakka, amma magabata da suka ce magana zarar bunu ce sun faɗi haka tun ba a san za a yi na'urar adana murya ba.

Dole kuma in faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Sukar ɗan takara haƙƙinka ne, sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ka shi. Amma haɗa ƙabilarsa gaba ɗaya cikin zagin, a gari irin Legas, wasa da wuta ne. Dattawan unguwar Idi-Araba ba su manta da rikicin ƙabilanci na 2002 ba, ku kuma 'yan Mile 12 kun ga abin da ya faru a watan Maris na 2016, lokacin da gwamnatin jiha ta rufe kasuwar bayan an yi asarar rayuka. Zaɓen 2023 ya zo ne a kan wannan tsohon miki, musamman tsakanin 25 ga Fabrairu, ranar da Peter Obi ya fi kowa ƙuri'a a jihar, da 18 ga Maris da aka yi zaɓen gwamna, makonnin da tambayar wa ke da Legas ta cika wayoyin jama'a. Idan akwai abokan cinikinka ko maƙwabtanka da maganar ta ɓata wa rai, ka same su ido da ido ka ba su haƙuri. Ina kyautata zaton rabin nauyin da ke ƙirjinka daga nan yake.

Game da doka, kada in sa maka dogon buri. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa, har da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa (NDPC), sai dai ƙarfin wannan doka ya fi karkata ga bankuna da kamfanoni da hukumomin da ke tara bayananmu, bin ɗan garinku da ya tura saƙo da ita kuwa hanya ce mai nisa da tsada. Abin da ya fi kusa da kai shi ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, domin ya haramta aika saƙon barazanar da zai sa mutum fargabar kisa ko rauni. Wanda ya kira ka ya ambaci layin rumfarka yana iya faɗawa ƙarƙashin wannan, saboda haka ka adana lambobin da ranakun da saƙonnin, idan aka sake kuma ka kai rahoto ofishin 'yan sanda tare da shugabannin kasuwarku. Ka dai sani wuƙa ce mai baki biyu. Da wannan sashen aka sha kama 'yan jarida, har Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma lauyan wani yana iya juya shi a kan saƙonka. Ka nemi shawarar lauya kafin ka ɗaga ƙara.

Tambayarka ta biyu ita ce ta fi damuna. Faɗuwar gaba da rashin barci bayan an yi wa mutum barazana ba raunin imani ba ne, jiki ne ya koyi zaman ɗar-ɗar ya kasa saki. Abin da ke hana shi saki kuwa yana hannunka kowane dare. Manhajoji irin su Facebook suna samun kuɗinsu ne daga talla, tallar kuma tana bin tsawon lokacin da ka ɓata kana kallo, don haka na'urar da ke zaɓa maka abin gani tana lura da abin da ya tsayar da yatsanka ta ƙaro maka irinsa. Ba abin da ke tsayar da yatsa kamar abin da ya ba mutum haushi ko tsoro. Kai kana zaton kana sintiri ne don ka ga ko an sake ambatonka, ita kuwa tana ɗura maka abin da zai hana ka rintsawa, ga shi kafin asuba motocin kaya sun iso daga Arewa dole ka fita.

Ka raba ɗakin kwananka da waya bayan sallar isha'i, idan don tashin asuba ne ka sayi ƙaramin agogo. Ka fita daga zaurukan da ba ka san rabin mutanen cikinsu ba; tun 2022 shugabannin zaure kaɗai ake sanar wa idan mutum ya fita, don haka babu abin jin nauyi. A cikin saitin sirri na WhatsApp ka taƙaita masu ganin hotonka da masu iya jefa ka cikin sabon zaure, ka kuma raba layin ciniki da na iyali. Ban ce ka bar siyasa ba. Ka saurari labarai sau ɗaya ko biyu a rana daga kafar da ka yarda da ita, ka yi muhawararka da mutanen da kake ganin fuskarsu, ka riƙe katin zaɓenka.

Tunda abin ya kai shekaru, ka ga likita, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka faɗa masa komai, ya auna hawan jininka ma. Kada ka je kemis ka sayi ƙwayar barci da kanka, domin irin su diazepam suna kama mutum ya kasa rabuwa da su. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai kuma asibitin tarayya na Yaba, wanda tun 1907 yake wannan aiki. Na san sunan Yaba kaɗai yana sa mutanenmu ja da baya, kamar sai wanda ya yi tsirara a titi ake kai wa can, alhali masu ciwon damuwa da fargaba suna zuwa su ga likita su koma bakin sana'arsu a ranar. Ita kanta ƙasar ta sauya, domin a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ka ci gaba da azkar ɗinka, neman magani ba ya kore tawakkali. Idan kuma wata rana zuciya ta fara raya maka cutar da kanka, kada ka kwana da abin kai kaɗai, ka tashi iyalinka ku kira lambar gaggawa 112 ko 767.

TAMBAYA: Malam, saƙonnin kamfe suna shigo mini a waya da cikakken sunana, alhali ban taɓa shiga wata jam'iyya ba. Ina suka samo lambata?
Daga wata baiwar Allah a Agege.

AMSA: Hajiya, a mafi yawan lokuta mu muke ba da ita da hannunmu. Takardar da ake zagayawa da ita a unguwa a ce a rubuta suna da lamba da asusun banki don tallafi, da shafukan bogi masu alƙawarin kyautar data, da manhajojin bashi da ke neman izinin shiga jerin lambobin wayar mutum, duk rumbuna ne da ake tarawa a sayar. Wataƙila ma ba ke kika ba da ita ba, wata ƙawarki ce ta ba manhaja izinin kwashe lambobin da ke wayarta. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba: a 2018 aka gano Cambridge Analytica, wani kamfanin ba 'yan siyasa shawara, ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook da suka kai miliyan 87, a Yulin 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye (FCCPC) ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ba ki ikon tambayar duk wata ƙungiya inda ta samo bayananki, ki nemi ta goge, idan ta ƙi ki kai ƙorafi NDPC. Kafin nan, ki rubuta STOP ki aika zuwa 2442, lambar da hukumar sadarwa ta ƙasa (NCC) ta ware don toshe saƙonnin talla. Duk wanda kuma ya nemi lambar NIN ko BVN ɗinki da sunan rajistar tallafin ɗan takara, ki ce masa kin gode.