Tambaya da Amsa: Kiɗan tsofaffi a mashayar unguwa

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibi ne a jihar Karolaina ta Arewa a Amurka, akwai wani abokin karatuna Bature da ya dame ni wai in raka shi wata mashaya a unguwarsu duk ranar Laraba da daddare suna zaman kiɗa, yana ce masa old-time. Na leƙa sau ɗaya na tsaya bakin ƙofa, wlh na ga wani abu kamar gurmi a hannun wani dattijo, kuma waƙa ɗaya suka yi ta maimaitawa ba mai rera komai. Wai menene wannan, kuma ni da ba na sha ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idonka bai yaudare ka ba, abin da ka gani banjo ne, kuma asalinsa daga wajenmu yake, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma su suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata a can, danginsa su ne irin su akontin na Jola a Senegal da Gambiya, kai ko molo da gurminmu ma gidan ɗaya ne. Ka lura da hannun dattijon in ka sake gani, ba ja yake da yatsa sama kamar mai jita ba, bayan farce yake bugawa ƙasa sai babban yatsa ya kama ƴar gajeriyar tsirkiyar nan ta sama, haka masu akontin ke yi har gobe. Shi kuma gogen da ake haɗa banjon da shi, Turawa ne suka zo da shi daga Ingila da Sikotland da Ayaland, sai biyun suka haɗu a tsaunukan Afalachiya da suka ratsa ta yammacin jihar da kake zaune yanzu.

Kiɗan rawa ne tun asali shi ya sa ka ji ana ta maimaitawa, waƙar takan zama gaɓa biyu, a yi ta farko sau biyu a yi ta biyu sau biyu a koma, kuma kowa tare yake bugawa ba wanda ake ba fili shi kaɗai, wannan sai a wani salon kiɗan da ake kira bluegrass wanda ya zo daga baya. Suna iya shafe awa guda a murya ɗaya don sake ɗaure tsirkiyar banjo aiki ne. In kana son sanin lokacin da za a tsaya kalli ƙafar mai goge, da ya ɗaga ta to zagayen ƙarshe kenan.

An fara ɗaukar kiɗan a faifai sosai a 1923 da Fiddlin' John Carson a Atlanta, kuma kamfanonin faifai ne suka raba kasuwa, na farare daban na baƙaƙe daban, har mutane suka manta baƙar fata na da hannu a ciki, abin haushi gaskiya. Sai su mawaƙiya Rhiannon Giddens suka je suka zauna gaban Joe Thompson, tsohon mai goge baƙar fata a jiharku, suka koya, ƙungiyarsu ta ci lambar yabo ta Grammy a 2011.

Maganar mashaya kuma ni ba malamin fiƙihu ba ne, ka tambayi limaminku, amma kar ka ji dole sai can. Ana irin wannan zama a shagunan kofi da barandar gidaje, ga babban taron masu goge na garin Galax a jihar Bajiniya da aka fara tun 1935, ana yin sa a watan Agusta, ba nisa da ku. Ka ce wa abokin naka ya kai ka can, in kana da gurmi ka tafi da shi amma ka fara zama baya ka saurara tukuna kafin ka sa hannu.