Ku Tambaya: Labarin Girman Matashi a Adabin Rasha

Tambaya: Malam, ina asalin labaran da ke bin yaro har ya mallaki hankalinsa a adabin gurguzu na Rasha? Daga wata ɗaliba, Jami'ar Abdou Moumouni, Yamai.

Amsa: 'Yata, tushen salon a Jamus yake, wajen marubuci Goethe, a 1795. Rashawa suka juya masa akala. A wurinsu, girma shi ne mutum ya bar fushin zuci ya rungumi tafarkin jam'iyyar gurguzu. Maxim Gorky ya share fage da littafinsa "Uwa" a 1906, taron marubutan Tarayyar Sobiyet na 1934 kuma ya mai da salon na hukuma.

Ki lura da ginin. Ɗan talaka mai zafin kai ya haɗu da wani dattijon ɗan jam'iyya da ya hore shi, ya sha ɗauri ko yaƙi, sannan ya natsu. Haka Nikolai Ostrovsky ya gina Pavel Korchagin, jarumin littafinsa, tsakanin 1932 da 1934, alhali shi kansa ya makance, yana kwance.

Inda salon ke tuntuɓe, kuma abin na damuna: tun shafin farko an san inda yaron zai ƙare, shakkarsa ba ta da nauyi.