Amsar tambayar Kawu kan jam'iyyar masu ƙyamar baƙi a Jamus

Kawu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Saƙonku ya iso, na kuma ga rediyo bai bar ku kun huta ba. Kun ce magana biyu kuke ji masu karo da juna. Wasu na cewa jam'iyyar AfD barazana ce ga dimokuraɗiyyar Jamus, ita kuma tana kuka wai ita ake toshe wa baki. Sai kuka tambaya wa ke da gaskiya, mu kuma Hausawan Hamburg ina muka dosa.

Ku fara sanin cewa ba da ƙin baƙi aka kafa ta ba. A 2013 wasu masanan tattalin arziki suka kafa ta don adawa da kuɗin yuro, ba ta ma kai kashi 5 cikin 100 da ake buƙata don shiga majalisa ba. Zuwan 'yan gudun hijira a 2015, zamanin shugabar gwamnati Angela Merkel, shi ya ba ta abin yi. A 2016 ta rubuta a kundinta cewa Musulunci ba na Jamus ba ne, ta nemi a hana hasumiyar masallaci da kiran salla. A 2017 ta shiga majalisar tarayya da kashi 12.6. A zaɓen Fabrairun 2025 ta samu kashi 20.8, ta zo ta biyu. Ke nan duk mutum biyar da suka jefa ƙuri'a, ɗaya nata ne. A nan Hamburg da sauƙi, kashi 7.5 ta samu a zaɓen jiha na Maris ɗin shekarar. Ƙarfinta a gabas yake, inda a da ake mulkin kwaminisanci.

Ni a ganina barazanar gaskiya ce, sai dai ba irin wadda muka sani a gida ba. Mu mun saba da tankar yaƙi a ƙofar gidan rediyo da asuba. Nan ba wanda ke jiran haka. Abin da ke hana Jamusawa barci tarihinsu ne: Hitler bai yi juyin mulki ya hau ba, naɗa shi aka yi shugaban gwamnati a Janairun 1933 bayan jam'iyyarsa ta fi kowace ƙuri'a, kafin ƙarshen Maris majalisa da kanta ta miƙa masa ikonta.

Dubi abin da ya faru a jihar Thuringia. A Satumban 2024 AfD ta zo ta ɗaya da kashi 32.8, ta kwashi kujeru 32 cikin 88. Ba ta kafa gwamnati ba, don sauran jam'iyyu sun yi alkawarin ba za su haɗa kai da ita ba. Amma wanda ya haura kashi ɗaya cikin uku na majalisa yana iya tsayar da duk abin da ke buƙatar kashi biyu cikin uku, har da zaɓen alƙalan kotun tsarin mulkin jihar. Ranar zaman farko, ɗan majalisar da ya fi kowa shekaru shi ya yi jagoranci, kuma nasu ne. Ya ƙi bari a ƙaɗa ƙuri'a kan buƙatun sauran, aka yi ta hayaniya har sai da kotu ta umarce shi. Shugabansu a can, Björn Höcke, tsohon malamin tarihi ne, kuma a 2024 kotu a Halle ta ci shi tarar yuro 13,000 saboda ya yi amfani da taken dakarun Nazi a wajen taro. Ya ce bai san asalin taken ba. Malamin tarihi fa, Kawu.

Wani abin da rediyo bai cika faɗa ba shi ne, ko ba su hau mulki ba suna jan sauran zuwa wajensu. A Janairun 2025 Friedrich Merz, wanda ya zama shugaban gwamnati a watan Mayu, ya samu rinjaye kan wani ƙuduri na tsaurara shigowar baƙi da taimakon ƙuri'un AfD, har Merkel ta fito ta soke shi duk da jam'iyyarsu ɗaya. Maganar da shekaru goma baya ake jin kunyar faɗa, yau a bakin kowa take. Magana kuma ba a baki kaɗai take tsayawa ba. A 2019 wani mai wannan aƙida ya harbe Walter Lübcke, ɗan siyasar da ya kare 'yan gudun hijira, a gidansa. A Fabrairun 2020 wani ya kashe mutum tara 'yan asalin waje a Hanau. Ba jam'iyyar ce ta aike su ba, ba zan ɗora mata abin da kotu ba ta ɗora mata ba, amma mu da ke hawa jirgin ƙasa da hula ko lulluɓi mun san yadda kallo yake sauyawa bayan kowane irin wannan jawabi.

To amma batun toshe baki, nan ne ba zan ba ku amsar da za ta yi daɗi ba. Jamus ba Amurka ba ce. Sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1949 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, amma da shinge. Musun kisan kiyashin da aka yi wa Yahudawa na iya kai mutum gidan yari har shekara biyar. Tunzura jama'a kan wata al'umma laifi ne. Zagin ɗan siyasa ma yana da nasa sashen, har a 2024 'yan sanda suka binciki gidan wani dattijo a Bavariya da ya yaɗa hoton da ke kiran wani minista dolo. Kotun tsarin mulki da ke Karlsruhe tana iya haramta jam'iyya kacokan, ta kuma yi hakan sau biyu, a 1952 da 1956. A Mayun 2025 hukumar leƙen asirin cikin gida ta ayyana AfD a matsayin mai tsattsauran ra'ayi tabbatacce, jam'iyyar ta garzaya kotu a Kolon. Irin waɗannan ne mataimakin shugaban Amurka JD Vance ya tsaya a kansu a Munich a Fabrairun 2025, ya ce Turai na gudun masu zaɓenta.

Ku da kuka tashi a gidan 'yan NEPU ba sai an gaya muku inda dokar zagi take sauka ba. Kun sha ba mu labarin waɗanda alƙali ya ɗaure don sun yi taro ba izini ko sun taɓa sarki a lacca. Shi ya sa a majalisarmu ta bayan Juma'a ba kowa ke tafi ba in an ce za a haramta AfD. A Yulin 2024 ministar cikin gida Nancy Faeser ta haramta mujallar masu ƙyamar baƙi mai suna Compact. Mako guda bayan haka, da irin wannan doka, ta rufe cibiyar Musulunci ta shuɗin masallacin nan na Hamburg bisa zargin reshen gwamnatin Iran ce. Mujallar ta yi nasara a kotu a 2025. Ba cewa nake laifinsu ɗaya ba, cewa nake wuƙar ɗaya ce. Haka bayan Oktoban 2023 aka hana jerin gwanon goyon bayan Falasɗinu da dama, ba kuma AfD ce ke mulki ba. Ita da ke kukan an hana ta magana, ban ji ta yi wa waɗancan kuka ba. Wanda ke neman a hana ladan kiran salla, ban yarda 'yancin magana ne ya dame shi ba. Nasa bakin yake karewa. Duk da haka ban goyi bayan a haramta ta ba. Mutum miliyan goma da suka zaɓe ta ba za su ɓace da hukuncin kotu ba, kuma duk ikon da aka ƙirƙira don murƙushe ta, wata rana yana iya faɗawa hannunta.

Mu kuwa kanmu ba a haɗe yake ba. Hausawan nan haɗin gambiza ne: 'yan zangon Kumasi da Accra, 'yan Nijar, 'yan Togo, sai mu 'yan Najeriya. Dattawanmu sun fi riƙe da cewa baƙo raɓa ne, ka yi aikinka, ka biya harajinka, ka kama bakinka. Akwai ma 'yan tsiraru da ke cewa ai sababbin zuwa AfD ke nufi, ba mu masu takarda ba, wasu kuma na jin daɗin yadda take maganar riƙe iyali. Wannan lissafin ya girgiza a Janairun 2024, da 'yan jaridar Correctiv suka fallasa wani taro a Potsdam inda wasu 'yan jam'iyyar suka saurari Martin Sellner, wani mai ƙyamar baƙi ɗan Ostiriya, yana bayanin yadda za a mayar da baƙi, har da 'yan ƙasa da ya ce ba su saje ba. Mahalarta sun musanta cewa korar 'yan ƙasa ake nufi. Amma wa zai auna sajewar? 'Ya'yanmu da aka haifa a nan ba su jira amsa ba. Suka fita zanga-zanga a tsakiyar gari, jama'a ta yi yawan da sai da aka tashi taron kafin lokaci. Su ba sa jin kansu baƙi, kuma in an gaya musu baƙar magana a bas, da Jamusancin da ya fi na mai maganar suke ramawa. Iyayensu mata ne ke kwana da fargaba.

Abin da ya fi sauyawa a cikinmu shi ne neman fasfo. Tun Yunin 2024 doka ta rage jira daga shekara takwas zuwa biyar, ta kuma yarda mutum ya riƙe na ƙasarsa. Mutanen da suka shekara ashirin suna cewa gobe za su koma gida, yanzu su ke tambayar yadda ake cike fom. Ranar zaɓe ana tunatar da juna a WhatsApp kamar ganin wata. Muna kuma ja wa matasa kunne kan abin da suke turawa a waya, don hoto ɗaya na raha mai alamar Nazi ko zagin Yahudawa ya isa ya ɓata wa mutum takardunsa. Wanda aiki ya kai shi ƙauyukan gabas, ana haɗa shi da wani namu a can kafin ya tashi.

In kuna sauraron labarai nan gaba, Kawu, ku fi kasa kunne ga zaɓukan jihohin gabas fiye da na tarayya. A Jamus 'yan sanda da makarantu a hannun jiha suke, haka ofisoshin da ke sabunta izinin zama da aiwatar da kora. Ranar da kuka ji AfD ta karɓi ma'aikatar cikin gida ta wata jiha, ku kira ni ko da tsakar dare ne. A gaida Inna da mutanen gida.