Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Tarkon Kifi da Ƙasar Mali?

Tambaya: Ni ɗan Yawuri ne, kuma tun ina yaro nake jin masunta suna kiran wani tarkon kifi da sunan "mali". Shin sunan yana da alaƙa da ƙasar Mali? Ina kuma son bayani kan asalin sunayen sauran kayan su.

Amsa: Yana da alaƙa ƙwarai. Cikakken sunansa gurar Mali, domin masunta 'yan ƙasar Mali ne suka yaɗa shi a tafkin Chadi bayan farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980, ya kuma samu karɓuwa a sauran ruwaye, har da tafkin Kainji da ke kusa da ku. Ana tanƙwara tsumagu a yi masa ƙashi, a lulluɓe shi da raga, a bar ƙananan ƙofofi daga ƙasa, sannan a zuba dusa a ciki, ta yadda kifi zai shiga cikin sauƙi amma fita ta gagare shi. Idan aka jera irinsa da yawa aka datse mashigar ruwa, mutanen tafkin Chadi suna kiran jerin dumba. Yau da gobe baki ya gaji da faɗar kalma biyu, aka yar da "gura" aka riƙe "mali". Wannan tsohuwar ɗabi'a ce ta Bahaushe, wato laƙaba wa kaya sunan inda suka fito, kamar yadda fatake suka bar mana goron Gwanja.

Sauran kayan kuwa, da yawansu daga cikin gida sunayensu suka fito. Gorar da masuncin Argungu yake kifa ciki a kanta ya yi iyo, yana kuma jefa abin da ya kama a cikinta, sunan gorar da ake shukawa a bayan gida take ɗauke da shi. Ƙugiyar fatsa ita ce dai ƙugiyar da mahauci yake rataye nama, dalmar da ake ɗaura wa bakin birgi, wato ragar da ake jefawa a ruwa, don ya nitse da sauri kuma sunan ƙarfen da aka yi ta da shi ne. Koma, wato ragar kamun kifi wadda Kabawa ke cewa homa, ta daɗe a harshen har ta shiga karin magana: kifi na ganin ka, mai jar koma. Shi kansa masunci daga kalmar "su" aka gina shi, kamar yadda aka gina maɗinki daga ɗinki.

Inji kam aro ne daga Turanci, ya shigo tare da abin da yake nufi. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne jirgi, wanda a da na ruwa kaɗai aka sani. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai aka ari sunan aka ce jirgin ƙasa, daga baya aka samu jirgin sama, har ta kai yanzu mai asalin sunan sai an ƙara masa "ruwa" kafin a gane shi.